Takwarata da Karsanar Ubanta

Ni ban yi boko ba, allo ma iyakata abin da zan yi salla da shi. Abin da Allah ya ba ni shi ne baki. A ƙauyenmu, nan gefen garin Babban Mutum, in ana biki ni ake aikowa a ɗauka, in zauna tsakiyar mata ina ba da labari har tuwo ya huce a kwano ba wadda ta tuna da shi. Yanzu da ƙafa ta ƙi, sai nake faɗa wata jikata tana rubutawa. Na ce mata kada ta sa sunan kowa, kuma ina da dalili. Mutumin da labarin nan ya hau kansa ɗana ne na fari, bakina bai taɓa kama sunansa ba tun ranar da aka raɗa masa shi, ba kuwa a takarda zan fara ba. Yarinyar kuma sunana aka sa mata, takwara nake ce mata.

Ita ma 'yar fari ce a wurin ubanta. Wanda ya tashi a ƙasar Daura ya san abin da nake nufi. Uba ba ya kiran sunan 'yar fari, ba ya wasa da ita, ba ya zama inda take zaune. In ta shigo ya kau da kai, in ya shigo ta fita. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka muka taras. Ga shi kuma sunan uwarsa ne a kanta, abin ya zama biyu. Da aka yaye ta aka kawo mini ita kamar yadda aka saba. Katanga ɗaya ce tsakanin sashena da nasu, amma duk maganar da za ta shiga tsakaninta da ubanta sai ta bi ta kaina.

"Inna, ki ce wa yarinyar nan an kawo takalmin makaranta."

"Kaka, ki ce masa na gode."

Suna jin muryar juna fa. Ni dai ina tsakiya ina kai kawo kamar 'yar aike.

Yarinya ta tashi shiru. In baƙo ya yi sallama sai ta shige bayan rumbu. In aka aike ta maƙwabta sai ta tsaya a bakin ƙofa har wani ya lura da ita. Nakan ce mata, "Takwara, kin ɗauki sunana, ina kika bar bakina?" Sai ta yi dariya ta ce, "Ai kin haɗa rabonki da nawa kin cinye, Kaka." Da ni kaɗai take irin wannan. A gaban kowa kuwa kanta a ƙasa.

A wurinmu kaka takan ba jikarta mace 'yar akuya tun tana ƙarama, ta yi ta haihuwa, in aure ya zo a sayar a yi kayan ɗaki. Na ba takwara tata, baƙa mai farin goshi. Wasu yaran suna ne kawai akuyarsu, uwa ce ke wahala. Ita ba haka ba. Kafin ta wanke ido ta je turke. Ita ce dusa, ita ce harawa, ita ce cire kaska. Tana yi mata hira ƙasa-ƙasa, irin hirar da mutane ba su samu ba.

Wata shekara akuyar ta zo haihuwa, abin ya ƙi. Ta wuni tana naƙuda, da aka ga za ta tafi sai aka kira mahauci ya yanka ta don kada ta zama mushe. Na ce to, yau akwai kuka a gidan nan. Na je in janye yarinyar, sai na tarar da ita tsugune kusa da mahaucin yana feɗewa, idonta a bushe. Da ya buɗe cikin, ga ɗan akuya kwance, kansa ya lanƙwashe ya koma baya. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗago ta tambaye ni, ba shi ba.

"Kaka, da an sa hannu an miƙe masa kan nan, da ya fito?"

Na ce, "Allah ne ya sani."

Ta ce, "Hanyar ga ta nan. Shi ne bai kwanta daidai ba."

Lokacin ko azumi ba ta fara ba. Na ga haihuwa iri-iri, ta mutum da ta dabba, ban taɓa tunanin in leƙa in ga yadda abin yake kwance ba. Sai da dare ya yi ta yi kukanta.

Na sake ba ta wata akuyar. Daga nan duk dabbar da za ta haihu a gidan tana wurin. Hannunta siriri ne, ga haƙuri. Ranar da wata tunkiyata ta maƙale, ina ɗaki ina neman wanda zan aika wurin mahauci, kafin in fito ta dama karkashi ta shafa yauƙinsa a hannu ta shiga. Na tsaya riƙe da mayafi. Can sai ga ɗan tunkiya a ƙasa yana atishawa. Magana ta bi gidaje ta bakin mata. Kowace mace a unguwarmu tana da awaki a bayan ɗaki, kowace kuma ta san wadda za ta aika a kira. In malamin dabbobi ya zo allurar rigakafi, takwara tana bayan danga tana kallo, ba ta taɓa ce masa uffan ba, sai dai ta dawo ta yi ta buɗe littafinta na makaranta mai hotunan kayan ciki. Maza ba su sani ba, don abin a cikin gida yake faruwa. Ubanta kuwa shi ne na ƙarshen sani, wa zai tari mutum da zancen 'yarsa ta fari?

Shekarun nan ne da aka dawo da Shari'a. Hijabi ya ƙara tsawo, aka buɗe Islamiyyar matan aure, malamai suna ta wa'azi a rediyo cewa a bar 'ya'ya mata su yi karatu, don mata su koyar da mata, mata su duba mata a asibiti. Ɗana ya ɗauki maganar da gaske. Shi manomi ne, yana kuma fataucin dabbobi, yau yana Mashi gobe yana bakin iyaka. Ya bar yarinyar ta yi sakandare a Baure har ta kai ƙarshe. Da aka zo batun gaba, sai ya shigo sashena ya zauna a bakin tabarma.

"Inna, na yanke shawara a kan yarinyar nan. Malanta za ta karanta a Daura. Ba ta da hayaniya, ba ta da rawar kai. Ta dawo ta koyar da 'yan mata, ta wuni cikin mata, ta kwana a gida. Ranar kasuwa mai zuwa zan shiga Daura in yi mata rajista."

Tana cikin ɗaki tana ji. Da ya fita na tarar da ita zaune a bakin gado, ta haɗa hannuwa a tsakanin gwiwoyi.

"Kaka, aji guda su zuba mini ido ina magana? A tsaye zan mutu."

"To me kike so?"

Sai ta ce malaminsu ya gaya musu akwai karatun likitan dabbobi a jami'a, kuma mata ma suna yi. Ta ce tun ranar da ta ji ba ta sake son wani abu ba.

Na ce mata ta kwantar da hankalinta. Ni ce fa. Na sasanta auren da liman ya gaji da shi, na sa mai rowa ya kwance bakin buhu da labari kawai. Ɗan da na haifa ne zai gagare ni? Washegari na sa aka kira shi. Na fara daga nesa kamar yadda na iya, na bi ta kan kakansa da shanunsa, na zagayo ta kan ladan tausaya wa dabba, na kawo shi har bakin maganar. Ya saurara kansa a ƙasa, bai katse ni ba. Da na gama ya ce:

"Inna, ni a kara, kasuwar dabbobi, nake neman abinci, na san wurin. Likitan dabbobi can yake wuni, cikin dillalai da mahauta da makiyaya, kowa bakinsa da kaifi. Mutum ya kawo sa ya ce lafiyarsa lau, kai ka ce masa a'a a gaban jama'a. Wadda in an yi sallama take shigewa bayan rumbu ce za ta iya wannan? Kuka za su sa ta. Ba zan kai ta inda za a wulaƙanta ta ba."

Na ce, "Ba ka san ta ba."

Ya ce, "Abin da nake gani ke nan."

Na ba shi labarin tunkiyata. Ya yi murmushi irin na ɗan da ya san uwarsa ta iya gyara labari. Wannan shi ne sharrin baki: ranar da ka faɗi gaskiya tsirararta, sai a zaci ka yi mata ado. Ya tashi ya ce Allah ya ƙara girma, ya fita. Ban taɓa shan kaye irin na ranar ba.

Ana jibi kasuwa abin ya faru. Farkon damina ne, ƙasa ta jiƙe, an gama shuka. Ɗana yana da wata jar karsana a garken bayan gida, jikar saniyar da mahaifinsa ya bar masa. Duk dabbar da ta shigo hannunsa yakan sayar, ban da wannan. Haihuwarta ta fari ke nan, ta fara naƙuda tun da safe. Har rana ta take ba abin da ya fito sai hanci da ƙafa ɗaya. Maƙwabta suka taru, aka ɗaura igiya a ƙafar aka yi ta ja. Aka tura mai babur Baure ya ɗauko malamin dabbobi, ya dawo ya ce mutumin ya yi tafiya. Karsana ta kwanta ta miƙe wuya, kukanta ya koma gurnani. Aka aika wa mahauci, wannan dai da ya yanka baƙar akuya, ya tsufa amma wuƙarsa ba ta tsufa ba.

Ni da takwara muna cikin gida muna leƙe ta ramin danga. Ina jin mahaucin yana cewa, "Alhaji, in za a yi a yi. In ta cika da kanta ka rasa uwa, ka rasa ɗa, ka rasa nama." Yana magana yana goga wuƙa a dutse. Ɗana yana tsaye ya riƙe ƙugu.

Takwara ta ce a hankali, "Ɗayar ƙafar ce ta koma baya. Jan da suke yi ƙara kulle shi suke yi."

Na ce, "Bari in fita in gaya masa."

Ta ce, "Kaka, kafin ki gama gaisuwa sun yanka."

Ban san lokacin da ta bar gefena ba. Na dai ga ta zuba garin karkashi a masaki, ta ɗauki sabulu da buta, ta zura hijabi, ta bi ta ƙofar garke. Na bi bayanta da sandata.

Mazan nan duk suka juyo. Ta ratsa su ba ta kalli kowa ba, ta je gaban ubanta ta durƙusa.

"Baba."

Ya waiga yana neman inda nake, kamar yadda ya saba, don in karɓi maganar in miƙa masa. Na kafe idona a kan karsana.

"Baba, kada a yanka. A ba ni ita."

Mahaucin ya yi dariya. "Iya, ki ja jikarki ciki. Wannan ba 'yar akuya ba ce."

Ba ta ko juya wajensa ba. Muryarta ba ta rawa, ban taɓa jin irinta a bakinta ba. "Baba, ka ce su kwance igiyar nan su koma bakin zaure. Zan naɗe hannun riga, ba muharramaina ba ne. Shi ma ya je da wuƙarsa, in an buƙace shi za a kira shi."

Yarinyar da ba su taɓa jin muryarta ba, ga ta ta kori dattawan unguwa daga garke, ta kuma kawo hujjar da ba mai iya musa ta a zamanin. Ɗana ya dubi karsana, ya dubi wuƙa. Sannan ya dubi 'yarsa, ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba tun haihuwarta. Ya juya ya ce, "Ku yi haƙuri, ku ɗan ba mu wuri."

Mahaucin ya tafi yana gunaguni. "In ta mutu mushe ba ruwana. Ina nan bakin zaure dai."

Muka rage mu uku. Ta ɗaure hijabin a ƙugu, ta wanke hannu har kafaɗa, ta dama karkashin ya yi yauƙi ta shafa. Sai ta fara ba da umarni.

"Baba, riƙe mata kai. Ka yi mata magana, ta san muryarka. Kaka, ɗaga wutsiyar."

Na ɗaga. Shi ma ya durƙusa a cikin taɓo da rigarsa ta fita kasuwa, ya rungumi kan karsana. Abin da ya fara ba ni tsoro shi ne, maimakon ta ja, sai ta tura. Ta sa tafin hannu a goshin maraƙin tana mai da shi ciki. Ɗana ya ɗago a firgice.

"Mai da shi take yi, Inna?"

Ita ce ta amsa, ba ni ba. "Sai ya koma zan samu wurin juya ƙafar. Riƙe ta da kyau, za ta yunƙura."

In karsana ta yunƙura sai ta tsaya cak ta jira, in ta sassauta sai ta ƙara shiga. Kumatunta a manne da cinyar dabbar, idonta a rufe, hannunta ya ɓace har kafaɗa. Ina kallon fuskarta. Wallahi kamar mai karatu. Leɓenta yana motsi, tana gani da yatsu abin da mu ba mu gani. Zufa tana bin haɓarta. Sau ɗaya yunƙurin ya matse mata hannu har na ga ta cije leɓe, amma ba ta zare ba. Ta ce, "Na sami gwiwar." Can kuma, "Na sami kofato. Zan rufe shi da tafin hannuna kada ya yage ta." Ba da mu take ba, da kanta take, ko da karsanar.

Na yi ta salati a zuci. Na tuna 'yar yarinyar nan tsugune gaban mahauci tana cewa hanyar ga ta nan. Ashe tun ranar take tafe zuwa wannan wurin, mu muna ta cewa ba ta da baki.

Sai ga ƙafa ta biyu ta leƙo kusa da ta farko. Ta ce, "Baba, bar kan, zo ka kama nan. Kada ka ja sai na ce. In na ce, ka ja ƙasa, ba sama ba." Mutumin da ya yi shekaru yana saye da sayar da shanu ya ce, "To." Ta jira yunƙuri. "Yanzu." Ya ja. "Tsaya." Ya tsaya. "Yanzu."

Maraƙi ya sulluɓo gaba ɗaya ya faɗi a ƙasa, ba motsi. Ta share masa hanci da baki, ta ɗauki tsinken ciyawa ta sosa masa cikin hanci, ta yi ta murza masa ƙirji da ƙaiƙayi. Ɗana yana cewa, "Ya tafi, bar shi, uwar dai ta tsira." Ba ta saurare shi ba. Can sai kunne ya motsa. Ya yi atishawa, ya girgiza kai. Karsanar da muka cire rai da ita ta ɗago ta yi wani ƙaramin kuka, takwara ta ja maraƙin ta kai mata gaban baki, ta fara lasa.

Na saki wutsiya na zauna a ƙasa. Ni da ake kira in yi guɗa a gari uku, na buɗe baki ba abin da ya fito.

Da mazan suka dawo suna kabbara, yarinyar ta riga ta sauke hijabi ta sulale cikin gida. Mahaucin ya duba uwa ya duba ɗa, ya mai da wuƙa kube, ya ce, "Iya, jikarki ta hana ni ciniki. Ki gaya mata ba na gaisuwa da ita." Na ce, "Da ma ba ta amsawa." Na tarar da ita a ƙuryar ɗaki, ta rufe fuska da tafin hannu. "Kaka, me na ce wa mutanen nan? Da wane ido zan kalle su?" Ta koma takwarar da na sani. Abincin rana ma ta kasa ci.

Bayan la'asar ya yi sallama. Ya canja riga. Ya tsaya a bakin ƙofa inda yake tsayawa kullum, ni ina kan tabarma ina tsince wake.

"Inna, ki ce wa yarinyar nan..."

Sai ya tsaya. Ya gyara hula. Ya juya wajen labulen ɗaki.

"Uwata, kina ciki?"

Wata 'yar murya daga ciki ta ce, "Na'am, Baba."

"Wane karatu ne kike so?"

Shiru. Amsar tana kan harshena, tana ƙona ni. A duk rayuwata ban yi aikin da ya kai riƙe bakina a wannan lokacin wuya ba. Na cika hannu da wake na matse.

"Na likitan dabbobi, Baba."

"Cikin maza zai kai ki. Irin na ɗazu, da waɗanda suka fi su baki. Ba kya jin tsoro?"

"Ina ji. Amma in akwai dabba a kwance, ita nake gani, ba su ba."

Sannan ya ce, "Ranar kasuwa ki shirya da wuri, tare za mu shiga Daura. Ni ban san yadda ake faɗarsa da Turanci ba, ke za ki faɗa wa masu rajista da bakinki."

Yau in ta zo gida, makiyaya har bakin zaure suke biyo ta suna cewa likita. Har yanzu kuwa in ana biki a ƙuryar ɗaki za ka same ta, in aka ce ta yi wa amarya nasiha sai ta nuna ni. Na daina tsokanarta a kan baki.

Safiyar kasuwar na fito har ƙofar gida da sandata. Ya tada babur, ta hau baya. Shi ya matsa gaba har kan tanki, ita ta matsa baya har kan ƙarfe, tsakaninsu akuya za ta iya kwanciya. Ba wanda ya kalli wani. Sai da suka kusa shan kwana na ga ya ɗan juya kai yana tambayarta wani abu, na ga hijabinta ya motsa tana ba shi amsa. Ban ji me suka ce ba, ba kuma wanda ya dawo ya gaya mini.